Allurar kyanda da rubella a ƙaramin asibitin unguwarmu: tauraro huɗu na ba su, ɗayan na riƙe

Tun da anka fara wagga allura ta kyanda da rubella, wata cuta mai ƙuraje da ke kama da kyanda, mata ke ta tambayata, a makaranta da wajen biki har da WhatsApp cikin dare, wai ina nike kai nawa yaran, kuma wurin na da kirki ko kuwa irin wanda za ki wuni ne ki dawo gida da ciwon kai. To bari in rubuta sau guda kowa ya karanta in huta. Ƙaramin asibitin gwamnati ne na unguwa, irin na sha-ka-tafi, nan cikin garin Sakkwato. Ba zan kama suna ba don akwai inda zan yaba akwai inda zan caccaka, kuma matan da ke aiki wurin muna haɗuwa da su wajen suna da ta'aziyya, ba ni son a riƙa kawar da kai in an gan ni.

Abu na farko, kyauta ne. Ba kuɗin allura, ba kuɗin kati, ba wani "kawo na auduga". Ni dai ba a taɓa karɓar ko sisi hannuna ba, abin da za ki kashe kuɗin kabu-kabu ne ko keke napep da ɗan ruwan leda na yara. Duk wadda anka ce ta biya kuɗin rigakafin yaro a asibitin gwamnati ta tambayi dalili, kar ta ji kunya.

Zaman jira kuwa sai haƙuri. Rumfar kwano ce guda da benci kaɗan, kuma kun dai san ranar Sakkwato, wajen watan Afrilu in hantsi ya ɗaga kwanon nan shina ɗaukar zafi har ki ji shi bisa kanki ta cikin hijabi, yara na kuka, masu goyo na tsaye don ba wurin zama, wata ta shimfiɗa zane ƙasa gindin dogon yaro. Ba fanka. Bayin kuma gara in yi shiru. Akwai wata mai rubuta kati da ke magana da mutane sai ka ce bashi take bin su, in kin mance katinki gida ranar kin shiga uku, za ta yi ta maimaitawa har kowa ya ji. Ita kaɗai ce dai haka, sauran ba su da matsala.

Wani abin da ke ba mata haushi shi ne ba kullum ake yin ta kyanda ba, rana guda ce a sati, in kin zo ba ranar ba sai a ce ki dawo. Da yawa na ɗauka wulaƙanci ne ko lalaci. Amma in kin tsaya kusa da teburin kin kalli yadda suke haɗa ta za ki gane. Maganin gari ne busasshe cikin 'yar kwalba, sai an zuƙo wani ruwa na musamman an zuba an girgiza kafin ya zama allura, kwalba guda ta yara da yawa ce, kuma da zarar an haɗa awa 6 kawai gare ta, abin da ya rage zubarwa za a yi. To in sunka buɗe kwalba don yaro ɗaya sauran sun tafi a banza. Shi ya sa suke tara mu rana guda. Firij ɗinsu mai sola ne, ba ruwansa da ɗauke wutar Nepa, kuma sista ta nuna mani wata 'yar alama bisa kwalbar, murabba'i fari cikin da'ira mai duhu, ta ce in zafi ya taɓa maganin farin nan rinewa yake, in ya yi duhu daidai da da'irar ko ya fi ta to ya lalace ba a yi wa kowa. Tun ranar nike leƙa kwalbar kafin a soki ɗana, kuma ba ta taɓa jin haushi ba, ita ke ma juyo mani da ita. Sirinji sabo a leda gabanki za a yage, an gama a jefa cikin kwalin nan na sirinji. Wanga ɓangare ban da abin cewa.

Amma abin da ya sa nike turo mutane wurin shi ne in-cajin su. Dattijuwa ce, 'yar gajera, da tabarau a rataye a wuya, kafin a fara allura sai ta fito rumfa ta tsaya ta yi bayani, kuma ba irin bayanin nan na haddar takarda ba da za a karanto maku a wuce. Ni malamar firamare ce, na san wanda ya iya koyarwa in na gan shi. Ranar da ta yi maganar rubella wata tsohuwa da ta kawo jikanta ta katse ta, ta ce "Sista, ai wanga da kike faɗi baƙon dauro ne, mun san shi tun ba a haife ki ba." Ta yi dariya ta ce "Inna, kama ce kawai, ba shi ba ne, kowane da ƙwayar cutarsa." Sai ta rarrabe mana su dalla-dalla. Kyanda na zuwa da zazzaɓi mai zafi ƙwarai, da tari da majina da jan ido, yaro ya kwanta liƙis ya ƙi abinci, tana iya taɓa huhu, tana iya makantarwa, tana kisa. Rubella ko sau da yawa ɗan zazzaɓi ne sama-sama, ƙuraje ƙanana jajaye awa na zafi su fara daga fuska su gangaro wuya da jiki, kwana 3 haka sun ɓace, sai kaluluwa da ke fitowa bayan kunne da ƙeya, ta ce wannan kaluluwar ita ce babbar alamar da suke lalubawa. Manyan mata in ta kama su sukan yi ciwon gaɓoɓi, yatsu da wuyan hannu da gwiwa. Wasu kuma, har kusan rabin waɗanda sunka kamu, ba za su ga komai ba sam, ko ƙurji ɗaya, amma suna yaɗa ta.

Tsohuwar nan ba ta haƙura ba, ta ce to in dai ciwon kwana uku ne da yaro ke yawo da shi ko a jikinsa, mi ya kai a soke shi da allura. Tsakani da Allah tambayar da ke bakin kowa ke nan. In-caji ta ce ba a nan gizo ke saƙar ba, sai ta waiga ta nuna bencin masu awo.

Ta ce cutar ta iska ake ɗaukarta, tari da atishawa da numfashi kusa da juna, tana kwana 14 zuwa 21 a jiki kafin ta bayyana, kuma mai ita na fara yaɗawa tun kusan sati guda kafin ƙuraje su fito har sati guda bayan sun fito. Wato lokacin da za ki ga ƙurajen ki ce bari a killace yaro, ya riga ya gama rabawa a gida da makarantar allo da gidan maƙwabta. Yaron zai warke. Amma in akwai mai ƙaramin ciki a gidan wadda ba ta taɓa yin cutar ba kuma ba a yi mata allura ba, ƙwayar na bi ta mahaifa ta isa ga ɗan tayin, kuma a wata 3 na farko yiwuwar ta kai gare shi na iya kai kashi 90 cikin 100. Daidai lokacin da ake halittar ido da kunne da zuciya ke nan. Ko cikin ya zube, ko a haifi ɗan ba rai, ko a haife shi kurma, ko da yana a ido ƙwayar idon ta yi fari, ko da ciwon zuciya, ko ƙwaƙwalwa ta taɓu, wani ma ya haɗa biyu ko uku. Uwar kuwa ƙila ɗan zazzaɓin yini biyu ta yi ta sha farasitamol ta mance, ba za ta taɓa haɗa wancan da wanga ba.

Rumfar nan tsit ta yi. Ni abin da ya faɗo mani a rai yadda muke da ciki a ƙasar nan. Wace ce ke faɗin tana da ciki wata biyu? Ba kowa. Ɓoyewa ake, in na fari ne ma kunya ba ta barin ki ko gaya wa uwarki, awo sai ciki ya fito wata biyar ko shida. Kuma wannan amaryar mai ɓoyayyen ciki ita ce ake miƙa wa ɗan kishiya ko ɗan facala in ba shi da lafiya, "riƙe mani shi in ɗora tukunya", ita ke zuwa dubiya, ita ke goya ƙannen miji. Ba wanda zai ce ta nisanta don ba wanda ya sani. Mu malamai mata ma haka, aji cike da yara, wanga na tari wancan na atishawa bisa littafin da za ki karɓa ki duba. Shi ya sa in-caji ta ce allurar da ake yi wa yaro namiji ma ba don shi kaɗai ba ce, don innarsa ce da yayarsa da matar da zai aura, ita kuma yarinya an rufe mata ƙofar tun kafin ta kai aure. Allura guda na ba da kariya sama da kashi 95 cikin 100 kuma tana daɗewa a jiki.

Ta ɗan taɓo tarihi, ni kuma da na koma gida na bi na karanta don abin ya tsaya mani a rai. Ashe an daɗe ana ɗaukar rubella ciwon wasa, sai a 1941 wani likitan ido a Ostireliya, Norman Gregg, ya lura ana ta kawo masa jarirai masu yana a ido fiye da yadda ya saba gani, da ya bi diddigi sai ya tarar iyayen mata sun yi rubella suna da ƙaramin ciki lokacin wata annoba da anka yi ƙasar. Daga nan ido ya buɗe. Amurka da duk asibitocinta, a 1964 zuwa 1965 mutum kusan miliyan 12.5 sunka kamu, anka haifi jarirai wajen 20,000 da nakasar da take jawowa, ban da dubban cikin da sunka zube. A 1969 anka samo allurar. Zuwa 2015 an tabbatar nahiyar Amurka baki ɗaya ta rabu da cutar. Mu kuwa nan Najeriya sai a watan Oktoban 2025 anka shigo da ita cikin rigakafin gwamnati, haɗe da ta kyanda a sirinji guda, anka yi gangamin yi wa yara daga wata 9 zuwa shekara 14. Shekara hamsin da wani abu ke nan bayan samo allurar. In kin tuna kuramen da kika sani a unguwa waɗanda anka haifa haka, da jariran da anka ce "haka Allah Ya yi shi da farin ido", sai jikinki ya yi sanyi, ba wai na ce duka rubella ce ba, akwai dalilai da yawa, amma tana ciki kuma ita ce wadda allura ke tarewa.

Lokacin gangamin ma'aikatan asibitin nan su sunka zo makarantarmu, da akwatin sanyi a kafaɗa, aji-aji, a yi wa yaro a damtse a shafa masa tawada a yatsa a ba shi kati. Nan ma na ga aikinsu. Akwai iyayen da sunka aiko cewa kar a taɓa masu ɗiya, maganar dai da kunka sani, wai ta hana haihuwa ce. In-caji ba ta yi faɗa ba kuma ba ta soki ɗan kowa a ɓoye ba, ta sa anka kira mai unguwa da liman, wani uba ya zo a fusace ta ce masa "Alhaji, zauna ka sha ruwa tukuna. Wagga allura ita ke tsare haihuwar, cutar ce ke zubar da ciki." Ta ce jikokinta ta fara yi wa. Ta tuna masa Mai Alfarma Sarkin Musulmi da kansa ya daɗe shina kira a kai yara rigakafi. Mutumin bai amince nan take ba, ya ce sai ya yi shawara, amma washegari shi da kansa ya kawo su a babur, uku a gaba ɗaya a baya. Wasu kam har anka gama ba su yarda ba, ba yadda za a yi.

Bayan allura sukan ce ki ɗan zauna kar ki wuce nan da nan, don in jikin yaro zai nuna wani abu a gani. Suna kuma faɗa maki gaskiya, cewa wurin na iya ɗan kumbura, kuma bayan sati guda ko fiye yaro na iya ɗan zazzaɓi ko 'yan ƙuraje kaɗan su fito su wuce. Wanga faɗin na da amfani ƙwarai, don in ba a gaya wa uwa ba ranar da zazzaɓin ya zo cewa za ta yi allurar ce ta sa wa ɗanta ciwo, gobe ta hana maƙwabciyarta zuwa. Autana ya yi ɗan ɗumin jiki, farasitamol na yara da nono, shi ke nan. A katinsa sun rubuta ranar dawowa, ta farko a wata 9 ta biyu a wata 15, kuma ta biyun nan ita ce mata ke yawan mancewa don yaro ya fara tafiya an ɗauka an gama da asibiti.

Wani abin da ya burge ni, ba su ɗora maki magani don ki ji daɗi. Wata ta kawo yarinya da ƙuraje ta ce mai kemis ya ba ta Ampiclox har kwalba biyu, sista ta ce ki daina, irin wannan ƙwayar cuta ba ta jin wannan maganin, rubella ba ta da wani magani nata na kanta, hutu ne da ruwa da abin sauke zazzaɓi, kar kuma a ba yaro asfirin, sai babban abu, a raba ta da masu ciki har sati guda bayan fitowar ƙurajen, kar ta je boko kar ta je islamiyya. Ta kuma ce da ido kawai ba a iya rantsuwa cewa rubella ce, cututtuka masu ƙuraje na da yawa, gwajin jini ke tabbatarwa.

To gwajin nan ba su da shi. Wata abokiyar aikina mai ƙaramin ciki, yaro a ajinta ya fito da ƙuraje da kaluluwa, hankalinta ya tashi ta ruga can, abin da sunka iya yi mata takarda ce sunka rubuta ta tafi babban asibiti. Ban ga laifinsu sosai ba, ƙaramin wuri ne, kuma sun yi daidai da ba su tsaya ja da ita ba, a gari irin wanga da ke da asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ai tura ta gaba shi ne aikin. Haka in budurwa ce babba ko matar aure ta zo ta ce ita ma a yi mata, sai su ce tasu ta yara ce, ta ga likita. Abin da dai suke nanatawa, ba a yi wa mai ciki wagga allura, kuma wadda anka yi wa ta bari wata guda ya wuce kafin ta ɗauki ciki. Ni da za a ji tawa da an riƙa yin maganar nan tun wajen gwajin kafin aure, tunda ana gwada jinotayif da sauransu, amma wannan ba hurumin ƙaramin asibiti ba ne.

Inda na riƙe tauraron nan guda kuwa ga shi, kuma shi ya fi zafin kwano da bayi da mai kati cin raina. Rumfa guda ce. Masu awon ciki, masu rigakafi, da masu yara marasa lafiya, duk benci ɗaya muke zama, kafaɗa da kafaɗa. Da idona na ga yarinya da ƙuraje har wuya tana tari a cinyar uwarta, gefenta wata 'yar amarya da lalle bai gama fita a ƙafarta ba riƙe da katin awo, har tana yi wa yarinyar wasa tana kama mata hannu. Wato abin da in-caji ta gama faɗa mana da safe shi ke faruwa gabanta da hantsi. Kuma ba rubella kaɗai ba, kyanda ta fi ta saurin yaɗuwa, ga jariran da ba su kai wata 9 ba a goye ko'ina. Har jaririn da anka haifa da rubella shina iya yaɗa ƙwayar shekara guda ko fiye, ita da bakinta ta faɗa.

Na same ta bayan an watse na ce "Hajiya, ki yi haƙuri da ni, amma wanga zama bai yi ba." Ba ta musa ba. Ta ce ɗaki biyu gare su da rumfa guda, ma'aikata ba su kai ba, ta rubuta ta sake rubutawa. Na ce ko ba gini, a raba rana mana, ko a sa benci guda can gindin bishiya a ce duk mai yaro da ƙuraje ya zauna nan a fara duba shi ya tafi, mai gadi ma zai iya tambaya tun daga ƙofa. Ta ce za ta gwada. Zuwana na baya-bayan nan na ga an kai wani tsohon benci gindin dogon yaron, amma ba wanda ke nuna wa mutane, duk wadda ta ga inuwa ita ke zama.

Don haka in za ki je, ki yi sammako kafin rana ta buɗe, ki tambayi ranar da suke yin ta kyanda tun kafin ki biya kuɗin mota, kati a jaka, ruwa da ɗan abin taɓawa na yara. In ɗanki na da ƙuraje da zazzaɓi kar ki kutsa cikin rumfa, ki tsaya daga waje ki aika a kira sista, za ta fito. In ke ce mai cikin, ko da ba ki gaya wa kowa ba, ki zauna nesa da yaro mai tari ko mai ƙuraje ko da za a ce kina da girman kai. Allurar kanta da masu yin ta ban da haufi a kansu, nawa duka can anka yi masu, har ɗiyar ƙanwata da ke hannuna. Tauraro na biyar kuwa sai ranar da na tarar an raba bencin nan da gaske.